Watannin da Na Hana Mijina Waƙa

Har yau akwai mata biyu a Zumuntar Mata da ke gaishe ni da gefen baki, saboda na taɓa tsayawa a ƙofar gidana na tare mawaƙan ikilisiya da suka zo duba mijina. Ban yi nadama ba. Amma tunda Ubangiji ya ɗaga shi, 'yarmu Rahila ta hana ni sakat, wai in rubuta abin da ya faru ko wani zai gane ciwonsa da wuri fiye da yadda muka gane namu. To, ga shi na zauna.

Sunana Saratu. Doya da dankali nake sayarwa a bakin titi a Gonin Gora, gidanmu kuma yana Nasarawa. Mijina Bitrus kafinta ne tun da masaƙar da yake aiki a Kakuri ta rufe. Sai dai in ka shigo unguwarmu kana neman Bitrus kafinta, za a yi ta kallon juna. Ka ce Kwayamasta, ko akuya ta nuna maka ƙofar. Ya fi shekara ashirin yana tsayawa gaban mawaƙan cocinmu. Mutum ne mai haƙuri da komai: miya ba gishiri zai ci ya gode, a taka masa ƙafa a mota shi zai ba da haƙuri. Abu ɗaya ne ba ya iya haɗiyewa, a ɓata waƙa a gabansa.

Ciwon ya soma bayan Ista. Mun dawo daga sujada, ya zauna a bakin ƙofa ya cire takalmi yana kakkaɓewa.

"Maman Rahila, duba mini takalmin nan. Kamar an cusa auduga a ciki."

Na duba, ba komai. Ya ce tafin ƙafarsa ne ba ya jin ƙasa sosai, ƙafafun kuma sun yi nauyi kamar ya ratso taɓo. Na ce gajiya ce, mutum ya kwana uku yana tsaye yana kaɗa hannu. Na dafa ruwa na gasa masa. Zuwa Laraba ya warware, muka manta.

Mako na biyu abin ya dawo, muka je kemis. Mai kemis bai ko kalli ƙafar ba ya ce zazzaɓi da taifot ne, ya ƙulla mana ƙwayoyi kala huɗu a leda. Mako na uku yayansa, Yaya Danjuma, ya zo daga Makera ya yanke hukunci cewa basir ne. A wurin Yaya Danjuma komai basir ne, ko haƙori ne ke maka ciwo. Ya kawo saiwa a gora, mai ɗacin da ya sa Kwayamasta ya rufe ido ɗaya. Hajiya Balaraba, mai manja da rumfarta ke jikin tawa, ta ce sanyi ne, ta ba ni man zafi. Amma ita ta ƙara da cewa, "Ki shafa, Saratu, sai dai ki kai shi asibiti. Namiji ba ya cewa ƙafa ta yi nauyi a banza."

Ni kuwa akwai abin da na lura da shi, kuma kasuwa ce ta koya mini. Mai sayar da doya ta san ranakunta. Kowace safiya shi ke kama mini buhu mu ɗora a keke. Litinin ba ya iyawa. Talata da ƙyar. Laraba da Alhamis garau, har da tsokana. Alhamis da yamma ya je koyon waƙa, Juma'a da safe ƙafa ta sake mutuwa. Mako huɗu ina kallon wannan tsari bai kuskure ba.

Da muka je asibitin gwamnati, tun shida na safe muka kama layi, muka tarar wasu sun riga mu har sun shimfiɗa zani. Aka ce katinmu ya ɓace, aka same shi bayan awa biyu a ƙarƙashin kwanon abincin wani. Wajen azahar muka ga likita. Ba laifinsa, mutum ɗaya da benci uku na jiransa. Ya sa aka auna suga da hawan jini, aka ɗauki hoton ƙugu, ya ce ƙashin baya ne ya soma tsufa, a rage ɗaukar katako. Sai na ce bari in faɗi nawa.

"Likita, duk ranar da ya yi waƙa, washegari ƙafar ta fi mutuwa."

Ya yi dariya har da ajiye biro. "Madam, da maƙogwaro ake waƙa, ba da ƙafa ba."

Kwayamasta ma ya taya shi dariya. Na ji kunya, na ja bakina na tsuke. Wannan shirun nawa ya ci mana wata uku, kuma shi ne abin da na fi jin haushin kaina a kansa.

Damina ta sauka, abin ya ci gaba. Ya faɗi sau biyu a shago, sau ɗaya da zarto a hannu. An tura mu mu yi hoton MRI na ƙugu, wanda ya cinye cinikin da ban so tunawa, aka ce ba a ga wani abin tashin hankali ba. Sai fitsari ya shiga maganar. Zai shiga bayi ya daɗe ba abin da ya fito, ya dawo ya zauna, sai kuma ya zubo ba sallama. Bai gaya mini ba. Wanki ne ya gaya mini. Ranar da na yi masa maganar, dattijon nan ya juya fuska bango, ya ce ba zai ƙara zuwa coci ba sai ya warke, kada ya ji kunya a gaban yaran da ya koya wa waƙa.

A nan ne ƙauna ta kusa gama da mu. A ikilisiyarmu, in mutum ya kwanta, bayan sujadar Lahadi mawaƙa sukan je gidansa su yi waƙa biyu ko uku, a yi addu'a, a bar ɗan abin da aka samu. Wannan ga kowa ke nan. To, yanzu Kwayamasta ne da kansa a kwance. Su talatin suke zuwa, da ganga da tulu da kacau-kacau, su cika tsakar gida har maƙwabta su leƙo ta katanga. Ba uku suke yi ba, bakwai suke yi. Kuma dole a rufe da waƙar da shi ya tsara da hannunsa, wadda a baiti na uku murya ke hawa sama. Masu tena, wato maza masu ɗaukar murya sama, ƙarƙashin Iliya direba, ba su taɓa hawa wurin nan lafiya ba tun da aka halicce su.

Ina kallo. Yana zaune a kujera da bargo a cinya. Baiti na ɗaya yana kaɗa kai. Na biyu yatsa ya soma motsi. Na uku Iliya da mutanensa su zame, sai ka ga mutumin da ya kasa zuwa bayi da safe ya dafa hannun kujera ya miƙe, ya ɗaga hannu, ya cika ƙirji, ya ɗauki muryar da kansa har jijiyar wuyansa ta fito. Sai gida ya kaure.

"Halleluya! Ya tashi! Kwayamasta ya tashi!"

Mata na guɗa, wasu na kuka. Kowa ya tafi gida yana ba da shaidar abin da ya gani da idonsa. Ba wanda ya taɓa zuwa ranar Litinin. Ni ce nake nan ranar Litinin, ni da Rahila, muna kama shi hagu da dama, ƙafafunsa na jan ƙasa.

Abin da ya ƙarasa mu allura ce. Yaya Danjuma ya kawo wani mutum da jaka, wai duk mai ciwon ƙashi a layinsu shi ya tayar. Ya yi masa allura ɗaya, ya bar ƙwayoyi ƙanana farare ba kwali ba suna. Washegari da safe mijina ya kira ni da wata murya da ban sani ba.

"Saratu, taɓa ƙafata."

"Ai hannuna na kai."

"Ban ji ba."

Na ji tsoro. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko ranar da na haifi Rahila bakwaini. Maƙwabta suka ɗauke shi cak suka sa a mota, muka nufi babban asibitin koyarwa.

Wadda ta fara zama da mu wata likita ce ƙarama, ba ta fi Rahila ba, da tabarau da takalmin roba. Ta yi tambayoyi har na gaji. Ta soka masa tsinke daga yatsa zuwa cibiya tana cewa ya faɗi inda ya ji. A ƙarshe ta ce, "Mama, akwai abin da kika ga yana ƙara ciwon, ko yana rage shi?"

Na buɗe baki, Kwayamasta ya riga ni. "Rabu da ita, likita. Za ta ce miki waƙa ce."

Yarinyar nan ba ta yi dariya ba. Ta daina rubutu, ta juyo da kujerarta gaba ɗaya.

"Waƙa? Mama, faɗa mini tun daga farko."

Na zazzage mata komai: buhun Litinin, koyon waƙar Alhamis, baiti na uku, allurar mai jaka. Da na ambaci allurar ta ce in nuna mata ƙwayoyin. Ta duba, ta sa a aljihu, ta ce kada ya ƙara shan ko ɗaya. Ta fita da sauri ta dawo da ogansu, wani dogo mai furfura da ke magana a hankali kamar ba shi da layi a waje. Ya ɗaga tsohon hotonmu ga haske ya ce hoton ba shi da laifi, sai dai an yanke shi daidai ƙasa da inda ake bukatar gani. A sake, a ɗauki bayan tun daga wuya har ƙugu.

Da aka fito da Kwayamasta daga injin na tambaye shi ko ya ji tsoro. Ya ce a'a, injin yana da kiɗa mai kyau, sai dai yana saurin canza biti. Ya ce da ƙyar ya hana kansa ɗora masa murya.

A sabon hoton, ko ni da ban yi nisa a boko ba na ga abin. Laka ta kumbura ta yi fari, a bayanta kuma wasu baƙaƙen abubuwa sun nannaɗe kamar taliya. Babban likitan ya zana mana a bayan fayil. Ya ce akwai jijiyar da ke kawo jini da ƙarfi, akwai wadda ke kwashe shi a hankali ta mayar. Ba a haɗa su kai tsaye. A bayan mijina wata 'yar ƙaramar mai kawowa ta ɓalle ta shiga cikin mai kwashewa, sai mai kwashewar ta cika ta kumbura, jinin da ya gama aiki a laka ya rasa hanyar fita. Laka tana zaune cikin ambaliya. Duk abin da ke sa mutum ya cika ƙirji ya yi yunƙuri, ko nishi a bayi, ko ɗaukar kaya, ko doguwar tsayuwa, ko jan murya sama, yana ƙara cika ta. Irin maganin da ke cikin allurar nan kuwa, ga wannan ciwon, yana iya kwantar da mutum a rana ɗaya.

Ya ce sunan abin fistula. Yaya Danjuma ya yi tsalle ya ce wannan ai ciwon mata ne, likita ya yi murmushi ya ce kalmar tana nufin hanyar da ta buɗe inda bai kamata ba, ko a ina take. Ya ce ciwon ba shi da yawa, shi ya sa ake yawan ɗaukarsa a matsayin tsufan ƙashi. Sannan ya faɗi maganar da ta zauna mini a kai.

"Ana gyara shi. Amma abin da ya daɗe a mace ba lalle ya dawo ba. Kowane mako da ya wuce, wani abu muke bari a baya. Baba, ba waƙa ce ta kawo maka ciwo ba, amma daga yau har a toshe hanyar nan, ba waƙa."

Ya juyo gare ni. "Mama, ke kika gano shi. Ke za ki tsare shi."

Na juya na kalli Kwayamasta. Shi kuma ya sami abin kallo a silin.

Sauran aikin sai a Abuja, inda ake da injin da zai nemo ainihin wurin da jijiyar ta ɓalle, kuma sai an jira layi. Aka sallame mu da robar fitsari da keken guragu na aro. Makonnin nan na jira su ne jinya ta gaske. Na koyi juya shi kada bayansa ya yi gyambo, na koyi wanke robar, na cika shi da gwanda da miyar kuɓewa don kada ya yi nishi a bayi. Na ɗauke rediyo na kai ɗakin Rahila. In na ji ya soma gunjin waƙa a hanci, sai in buga ludayi a tukunya daga kicin. Ya ce ko a masaƙa bai taɓa samun fomen irina ba.

Lahadi ta zo, na ji ganga tun daga kwanar layi. Na ɗaura zani da kyau na fita na tsaya a ƙofa, hannu ɗaya a kowane gefe.

"Sannunku da zuwa. Ku shigo, amma ba waƙa."

Mama Lami, shugabar Zumunta, ta dube ni sama da ƙasa. "Saratu, me kika ce? Waƙar Ubangiji ce kike korewa daga gidanki?"

"Mama, likita ne ya hana."

"Wane irin likita ne zai hana yabo? Shin ba mu gani da idonmu ba? Duk zuwanmu sai ya tashi!"

"Kun gan shi Lahadi. Wa ya zo ya gan shi Litinin?"

Wata daga baya ta ce a bar Kwayamasta ya yi shiru, su su yi. Na ce, "Ke kin taɓa ganin an yi baiti na uku ya yi shiru?" Duk suka juya suka kalli Iliya. Iliya ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya ne kam. Mu ne matsalar."

Wasu suka yi fushi suka juya, har da maganar da ba zan rubuta ba. Na shiga ɗaki daga baya na yi kukana, don ba daɗi a ce kin hana mijinki addu'a. Amma yawancinsu sun shigo. Ban taɓa ganin abin dariya da ban tausayi irin wannan ba: mawaƙa ashirin da wani abu zaune a tsakar gida, ganga a cinya, tsit, suna ɓare gyaɗa. Aka yi addu'a ƙasa-ƙasa aka tashi.

Kuma in faɗi gaskiya, mutanen nan sun biya ni. Iliya ya ce tunda an hana su waƙa a gidan, za su kai ta wani wuri. Suka riƙa zuwa bukukuwa da wasu majami'u har Gonin Gora da Sabo, duk abin da aka liƙa musu su kawo a ƙulle a hankici. Mama Lami, da fushinta da komai, ba ta fasa aiko da kunun gyaɗa kowace safiya ba, sai dai ba ta haɗa da gaisuwa. Da wannan, da injin yankan katakon da muka sayar, da filin da Yaya Danjuma ya rabu da shi ba tare da an roƙe shi ba, muka kama hanyar Abuja. Na yafe masa mai jaka tun a ranar.

Motarmu ta bi ta gaban rumfata. Hajiya Balaraba, wadda ke sayar mini da doyata duk tsawon jinyar, ta tsallako titi da fulas a hannu tana haki. Ta leƙo ta taga ta ce, "Malam Bitrus, Allah ya sa a yi a sa'a. Ka dawo da ƙafarka ka karɓi matarka, ta ishe ni da waya."

A Abuja aka yi abin da suke kira anjiyogram. Ta matse-matsinsa suka zura wata siririyar roba, yana farke, suna bin jijiyoyin bayansa ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman gida a layin da ba lamba. Ya ɗauki awoyi, ni ina waje na ƙirga tayil ɗin baranda har na haddace. Suka same ta a gefen hagu, wajen tsakiyar baya. Likitan wurin ya ce hanya biyu ce. Wani lokaci ta cikin robar nan ake tura wani irin gam a liƙe wurin. Amma a nasa, jijiyar tana da reshe da ke ciyar da laka kanta, in gam ya ɓata hanya an yi ɓarna, don haka tiyata za a yi. Kafintana ya yi ajiyar zuciya.

"Gara haka, likita. Ni na san gam. Damina ɗaya ya saki."

Aikin bai kai tsawon neman ba. Likitan ya fito ya ce suna datse wurin, jijiyar da ta kumbura ta yi ja ta sauya launi a gaban idonsu, ta koma yadda ya kamata. Rana ta uku ina goge masa ƙafa, babban yatsansa na dama ya motsa. Na yi ihun da ya sa nas ta shigo da gudu, ta tarar da ni ina rawa da tawul.

Kada in yi wa kowa ƙarya, warkewar ba ta zo da gudu ba. Mun dawo Kaduna mun yi watanni muna zuwa gashin ƙashi a asibiti, sau biyu a mako, da layinsa da komai. Daga keke ya koma ƙarfen dafawa, daga nan ya koma sanda. An cire robar fitsari, amma har yau ba ya nisa da bayi, kuma tafin ƙafarsa ta hagu bai daina jin audugar nan ba. Wannan shi ne abin da muka bari a baya a watannin da muka yi muna shan saiwa. Shi ya sa nake roƙon duk mai karanta wannan: in ƙafafun mutum suna nauyi in ya yi tafiya ko ya yi yunƙuri, su saki in ya huta, sannan fitsari ko bayan gida ya soma gardama, kada a tsaya a kan basir. A nemi likitan laka, a tambaya ko hoton ya kama bayan gaba ɗaya. Kada a yarda da allurar da ba a san sunanta ba. Kuma abin da mai jinya ta gani, ta faɗa, ko an yi mata dariya ta sake faɗa.

Da aka sake hoto, babban likitanmu mai furfura ya ce taliyar ta ɓace, kumburin ya sauka. Ya dafa kafaɗar mijina ya ce, "Baba, je ka yi waƙarka."

Sai ga sabuwar matsala. Kwayamasta ya ƙi. Na mayar da rediyo, ya kashe. Ya koma coci, amma a benci na baya kusa da ƙofa, baki a rufe, sanda tsakanin gwiwoyi. Gidan ya yi shirun da ban taɓa sani ba tun da aka kawo ni. Mutumin yana tafiya, yana cin abinci, amma ba mijina ba ne gaba ɗaya. Wata rana muna cin tuwo na tsare shi.

"Baban Rahila, likita fa ya sake ka."

Ya daɗe yana juya loma a miya. "Saratu, ke kika gano abin nan, kuma kin yi gaskiya. In na buɗe baki, Litinin ta dawo fa? Ba zan iya sake kwanciya kina juya ni ba."

Ni na rufe bakin nan da ludayi, kuma na rufe shi da kyau fiye da yadda na so.

Ana saura mako ɗaya sujadar godiya ta kaka, na je tasha na sami Iliya yana wanke mota. Na gaya masa abin da nake so. Ya saki soso.

"Haba Mama! Wata nawa muna gyara wurin nan don mu ba shi mamaki. Yanzu fa mun iya!"

"To ku manta."

Ranar godiya coci ya cika, doya da masara da kaji jibge a gaban bagadi. Na zauna kusa da shi, na ce ya kawo sandar in riƙe masa kada ta faɗi. Mawaƙa suka tashi, suka ɗauki waƙarsa. Baiti na ɗaya ya sunkuyar da kai. Na biyu na ga yatsa yana motsi a gwiwa. Na uku, Allah ya yi wa Iliya albarka, ban taɓa jin an ɓata abu da zuciya ɗaya haka ba. Wani ya hau, wani ya sauka, wani ya tsaya a hanya. Har kajin da aka kawo baiko gaban bagadi suka amsa.

"Kai!" in ji Kwayamasta.

Ya dafa bencin gaba ya miƙe. Ya bi tsakiyar coci yana ɗan jan ƙafar hagu, hannu a sama tun kafin ya isa, ya tsayar da su da tafi ɗaya, ya cika ƙirji, ya ɗauki baitin daga farko. Muryar ta ɗan yi tsatsa, amma ta hau har inda ake so ta zauna. Coci ya rikice da guɗa. Mama Lami ta juyo ta neme ni da ido, hawaye har haɓa. Ni ban yi guɗa ba. Na riƙe sandar da hannu biyu, don na taɓa ganin wannan tashin, kuma na san ba Lahadi ce ke faɗin gaskiya ba.

Litinin da safe na fito da buhunan doya na zauna a kan ɗaya. Mai keke ya iso yana danna ham, ban motsa ba, idona na kan labulen ɗaki. Can sai labulen ya ɗaga. Ya fito da singileti, ba sanda, ya tako tsakar gida har inda nake, ya tsaya a kan ƙafafunsa biyu.

"Kin zauna kina kallon ƙafar mutane, keke na jira. Tashi in kama miki."

Na tashi, na kama gefe ɗaya, ya kama ɗayan, muka ɗora. Ya kakkaɓe hannu, ya juya zai koma ciki, sai ya tsaya.

"Kuma ki gaya wa Iliya, ko da gangan ne, ba a ɓata waƙa haka. Alhamis ƙarfe huɗu ina jiransu."